Giɓin Jaka

Ƙarfe goma na dare, da asuba tafiya,
zik ɗin jakar Lantana ya ce shi ba ya zuwa.
Uwarta ce ta jawo: kilishi ɗauri uku,
busasshen kifin Lagado, kuka, daddawa,
har da yajin da ta daka da la'asar,
sai ka ce a Yawunde ba a cin kasuwa.
Ta danne jakar da gwiwa, ta ja da ƙarfi,
ɓarat! baki ya wage, kaya na leƙowa.

Tela Bakari ya rufe shago tun magariba,
gidansa can ƙetaren gadar Binuwai,
mota kuwa ba ta jiran kowa.
Sai ga shi an ɗauke wuta. Yelwa ta yi tsit,
zafin Garwa ya shigo ya nemi wuri a tabarmarmu,
sauro na yi masa barka da zuwa.

Na ce a juye kayan, a ba ni filaya,
Lantana ta riƙe tocila a kan hannuwana.
Jakar nan ta girme ta.
A Kuseri na saye ta ina yaron mota,
ta sha rana a kan buhunan albasa,
ta yi mini matashi a bakin kwastan
daren da aka hana mu wucewa.

Na duba ɗan ƙarfen: bakinsa ya saki,
kamar tsohon da ya gaji da tauna.
Can ƙasa haƙori ɗaya ya fita,
ga giɓi, daidai ƙwayar dawa.
Na mai da ƙarfen gindi, na daidaita layi,
haƙori na dama ya shiga tsakanin 'yan'uwa.
Na matsa da filaya kaɗan. Na saki.
Na ƙara kaɗan a ɗaya gefen.
Aikin nan ba na ƙarfi ba ne:
ka sassauta, ba ya kamawa,
ka matsa da yawa, ya karye a hannunka,
ka kwana kana cizon yatsa.

Guntun kyandir na goga wa haƙoran,
sama da ƙasa, ciki da baya.
Saura ɗinki a bisa giɓin,
don kada ƙarfen ya sake faɗawa.
Sau uku na nemi kafar allura,
sau uku zare ya bi iska.
Ta karɓa ba ta ce komai ba,
ta lashi zaren, ta zura, ta miƙo.
Wannan ce fa na koya wa ɗaure takalmi,
ga ta za ta koyi ɗinke mutane
a makarantar jinya.

Ɗinki takwas, ƙulli biyu, na ciji zare.
Na ja.
Zuuu, haƙora suka rungumi juna
tun daga giɓin har wuya.
Uwarta ta rangaɗa guɗa ƙasa-ƙasa
don kada maƙwabta su farka.

Abin da ban faɗa musu ba:
lokacin da filaya ke hannuna
na san daidai inda ƙarfen zai karye.
Matsi ɗaya, da ta ƙara mana kwana,
da gobe ma mun ci tuwo mu uku.
Zuciya ta ce matsa.
Hannu ya ƙi.

Da asuba na cire kifi ɗauri guda,
na ce jaka ma tana son numfashi.
Guntun kyandir na sa a aljihun gefe:
in ya yi gardama, ki shafa masa,
kada ki ja da fushi.

Da muka dawo daga tasha
uwarta ta ɗauki tsintsiya.
Ta tsaya, ta sunkuya, ta tsinci haƙorin
a ƙarƙashin tabarma.
Ta daɗe tana juya shi a tafin hannu,
sannan ta ƙulle shi a gefen zane.